"Kin Ga Alat?": Taransifa Da Masu Ƙananan Sana'o'i A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Idan ana lissafin 'yan kasuwa a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba a sa su a ciki, don ba su da shago, ba su da rumfa, sarkin kasuwa ma bai san da zamansu ba. Matar aure ce da ta koyi haɗa turaren wuta da humra don ɗakinta, maƙwabta suka dame ta da "sam mini", har ta gaji ta sa kuɗi. Malamin firamare ne da ya taso da kiwon tattabaru tun yana ɗan yaro, yanzu akurkinsa ya cika yana rage wa masu so. Akwai ɗalibar da ke saƙa hula da safar jarirai, da dattijon da ke ɗinkin hula a zaure bayan la'asar, da mai dubulan da alkaki wadda ba ta hura wuta sai an yi mata maganar biki. Sha'awa ce ta kawo su, riba daga baya ta biyo. Jarinsu bai taka kara ya karya ba, kuma yawancinsu ba su taɓa rubuta ciniki a takarda ba.

Shekara goma da suka wuce, kasuwar irin waɗannan mutane iyakarta inda ƙafar yarinya mai talla za ta kai ta dawo kafin magariba, sai gidan biki da gidan suna. Yau hoto ake ɗauka a ɗora a WhatsApp. Wata 'yar uwa da ke aure a Kaduna ta gani, ta nuna wa maƙwabciyarta, ita kuma ta ce a turo lambar asusu. Kafin a sauke tukunyar dare kuɗi sun shigo. Da safe ƙanen mai sana'a ya kai ɗan kwali tasha, a rubuta lambar waya a jiki, direban Funtua ya karɓa, daga can a sa wa motar Kaduna.

Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma duk wanda ya zauna ya yi lissafi da mai irin wannan sana'a zai tarar hanyar da kuɗin ke bi tana da masu tsaro da yawa, kowa da ɗan abin da yake gutsura, kuma ranar da abu ya lalace mai ƙaramin jari ne ke kwana da asarar.

Ba don Allah aka shiga ba

Hanyar tura kuɗi nan take tsakanin bankunan Najeriya ta fara aiki tun 2011, lambar BVN ta zo a 2014. OPay ya fito a 2018, PalmPay a 2019, Moniepoint ya baza injinansa na POS har ƙauyuka. A Oktoban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira da gagarumin biki, amma a wannan yanki da wuya ka samu wanda ya taɓa sayen ko da ƙulli ɗaya na gishiri da ita. Duk waɗannan ba su ne suka sa mai turaren wuta ta haddace lambar asusu ba. Wahala ce ta sa.

Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kwashi kuɗinsu suka kai banki, sababbin kuma suka ƙi fitowa. Wanda ya ga watan Fabrairun nan ba ya buƙatar a ba shi labari: ana sayen naira da naira, masu POS a wurare da dama suna karɓar dubu ɗaya ko fiye a kan kowace dubu goma, manomi yana karyar da buhun masara ga duk wanda ya zo da tsaba. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, Katsina da wasu suka bi sahu, ranar 3 ga Maris kotun ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo. Kafin nan an riga an koyi darasin. A daidai lokacin da manhajojin manyan bankuna ke ta sarƙewa saboda cunkoso, na sababbin kamfanonin nan suna wucewa cikin daƙiƙa. Mai shayi ya liƙa lambar asusu a jikin tebur, mai nama ya rubuta tasa a kwali. Tsabar kuɗi ta dawo, amma lambobin nan ba a goge su ba.

Babban abin da mutanen yankin suka samu shi ne sauƙin hanya. Wanda bai san wurin ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Titin Funtua zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara ya ratsa Faskari, Sabuwa tana jingine da dajin Birnin Gwari, hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme kuwa ta yi ƙaurin sunan da a ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe ta ga motocin haya. A da, mai son sayo itacen hawi da gabgab da farce da miski a Kasuwar Kurmi, ko zare da yadi a Kantin Kwari, dole ta ƙulle kuɗi ta ba wani ya bi waɗannan hanyoyi da su, ita kuma ta zauna da zullumi har ya dawo. Yanzu ta samu amintaccen ɗan kasuwa a Kano, ta tura masa, ya ɗaure kaya ya ba direba. Kaya na iya makara, amma ba wanda ya ɗauki jarinta a aljihu ya ratsa daji.

Na biyu, wanda ba a cika faɗa ba don kunya, shi ne maganin bashi. Abin da ya fi kashe sana'ar cikin gida ba rashin ciniki ba ne, "kawo in gani" ne da "sai an yi albashi". Dangin miji su ɗauki kwalba uku, aminiya ta ɗauki biyu, kuma ba yadda za a yi a aika yaro bin bashi gidan suruka. Mai saye daga nesa kuwa ta san ƙa'ida: sai kuɗi sun shigo kaya ke fita. Sannu a hankali wannan ƙa'ida ta fara shiga cinikin cikin gari ma, domin abin da baki ke jin nauyin faɗa ido da ido, yatsa ba ya jin nauyin rubuta shi. Ga kuma hutun neman canji da rigimar yagaggen kuɗi. Kuma ko ba ta ajiye littafi, manhajar tana ajiye mata: wa ya biya, nawa, yaushe.

Inda ribar ke zurarewa

A ce mai turare ta sayar da kayan naira 12,000, ribarta a ciki 2,000. Tunda kuɗin sun kai 10,000, akwai harajin naira 50 na gwamnati, wanda a da bankuna kaɗai ke cirewa, amma tun Disamban 2024 ya shafi su OPay da Moniepoint da PalmPay. Ko daga wajenta aka cire ko daga wajen mai saye, a cikin cinikin yake fita. Shi ya sa za ka ga wasu na turo 9,999, ko su raba kuɗin gida biyu. To, kuɗi sun shigo waya, amma mai gawayi tsaba yake so, mai kawo itace daga ƙauye tsaba yake so, adashin unguwa tsaba ake zubawa. Sai ta aiki yaro wajen mai POS, a cire mata 200 ko 300. Kafin a yi maganar data da kuɗin cajin waya a shagon mai janareta, kusan kashi 15 cikin ɗari na ribar ya tafi. Babban ɗan kasuwar hatsi a Dandume da ke tura miliyoyi ba ya ko jin naira 50. Ita ce ke ji.

Matsalar a nan take: kuɗin suna shigowa ta waya, amma ta hannu suke fita. Muddin rabin kasuwa na kan taransifa rabi na kan tsaba, wanda ke tsaye a tsakiya da injin POS shi ne ke cin moriyar kowa. Ban ga laifinsa ba. Shi ma sayo tsabar yake yi, wani lokaci daga gidan mai ko wajen manyan 'yan kasuwa, shi ke zaune da kuɗi a bainar jama'a a garin da kowa ya san haɗarin hakan, ga dokoki da ke sauka a kansa kusan kowace shekara: a 2024 aka tilasta musu rajista da hukumar CAC, a ƙarshen shekarar kuma Babban Banki ya ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai ciri fiye da naira 100,000 a rana a wajensu ba.

Su Paystack da Flutterwave, waɗanda ake yawan ambata idan ana zancen biyan kuɗi ta intanet a Legas, ba su da wani tasiri a wannan ciniki. An gina su ne don mai shafin sayar da kaya da ke karɓar kati. Paystack na cire kashi 1.5 cikin ɗari, da ƙarin naira 100 idan cinikin ya kai 2,500. Mai sayar da hular jariri ba ta ga dalilin wannan ba alhali lambar asusu ta wadatar. PayPal kuwa ya shigo Najeriya a 2014, amma an yi shekara da shekaru ɗan Najeriya biya kawai yake iya yi da shi, ba ya iya karɓa.

Asarar da ta fi ciwo ita ce ta alat na bogi. Ga yadda takan faru da mai tattabaru. Wani baƙo ya zo da yamma a kan babur, ya san kan tsuntsu, ya buɗe fiffike ya duba, ya yaba, bai ma ja ciniki sosai ba. Ya karɓi lambar asusu, ya danna waya, ya juyo da fuskarta: ga rasit, ga kore, ga sunan mai kaya daidai. Can sai ƙaramar wayar mai kaya ta yi ƙara, saƙo ya shigo da sunan banki. Aka sa tsuntsaye a kwando, aka yi sallama. Sai da dare da ya je cirar kuɗi ya tarar asusu yadda ya bar shi. Rasit ɗin gyara shi aka yi da wata manhaja, saƙon kuma ba daga banki ya fito ba. Sunan da ya gani ba abin mamaki ba ne, duk wanda ya shigar da lambar asusunka zai ga sunanka ko bai tura ko sisi ba. Wani kuma ba ya ma wahalar da kansa, cewa zai yi "na tura, netwok ne, zai shigo", kuma saboda sau da yawa da gaske netwok ɗin ne, sai mutum ya ji kunyar riƙe kayansa.

Maganin abin kowa ya sani: kada ka yarda da hoto ko saƙo, buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka. Faɗar ta fi yi sauƙi. Mai ƙaramar waya sai ya danna lambobin USSD, a cire masa kusan naira bakwai duk dannawa, kuma ba kullum suke wucewa ba. Wadda ba ta karanta boko ba sai ta jira ɗanta ya dawo daga makaranta. Macuta sun san wannan sarai, su suke nema. Haka masu bugo waya da murya mai daɗi su ce daga banki suke, za a rufe asusu in ba a karanto lambar da aka turo yanzu ba. Akwai kuma wadda ba ta ci ba ba ta sha ba: wani ya saye kayanta da kuɗin da ya damfaro, mai kuɗin ya kai ƙara, aka bi sawu aka rufe duk asusun da kuɗin suka taɓa, har da nata.

Cutar ba ta gefe ɗaya ba ce. Masu saye ma an sha wanke su, a ɗora hoton kayan wani, a karɓi kuɗi, a kashe waya. Masu gaskiya ne ke biyan wannan bashi, don yanzu baƙuwar mai saye ba ta tura kuɗi sai wata da ta sani ta tsaya. Duk da wayar da manhajar, cinikin bai bar kan sanayya ba.

Watannin da waya ta mutu

Mai ba da shawara daga Abuja zai ce a bar tsaba gaba ɗaya. Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku suna da dalilin da ba za su saurare shi ba. Bayan sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamban 2020, da hare-haren da suka ci gaba, sai aka ɗauki matakin toshe layukan sadarwa. An fara da Zamfara a farkon Satumban 2021, cikin 'yan kwanaki aka haɗa da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har ma da Funtua da Malumfashi inda galibin rassan bankunan yankin suke. An hana sayar da dabbobi a kasuwanni, an hana sayar da mai a jarka, har wuraren cajin waya na kuɗi aka rufe. A Disamba aka fara maido da layi a wasu wurare, amma waɗannan ukun sai daga baya.

A tsawon wannan lokaci duk wanda dukiyarsa ke cikin waya ya zama kamar mai hatsi a rumbun da aka tafi da makullinsa. Injin POS ya zama abin wasan yara. Mutane suna biyan kuɗin mota su nufi inda layi ke kamawa don kawai su yi kira ɗaya ko su tura kuɗi. Kuma a lura, wannan ya faru ne kafin 2023, lokacin da dogaro da taransifa bai kai rabin na yau ba. Ko matakin ya yi amfani ga tsaro ko bai yi ba, wannan muhawara ce ta daban. Abin da ya shafi mai sana'a shi ne, an nuna masa cewa kasuwarsa tana da makunni, kuma ba a hannunsa yake ba.

Ba sai gwamnati ta kashe ba ma. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka tsaya cik. A ƙarshen Afrilun shekarar Babban Banki ya hana OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda buɗe wa sababbin mutane asusu, sai a watan Yuni aka ɗage. Na yau da kullum kuwa ba a magana: turken sadarwar ƙauye da janareta yake aiki, ranar da mai kai masa gas ya ji tsoron hanya, gari ya kwana ba sabis. A ganina wanda ya bar uwar kuɗinsa duka a manhaja ɗaya a wannan yanki ya yi ganganci. Masu wayo sun riga sun raba, asusu biyu a kamfani biyu, layi biyu, ɗan abin da ya taru kuma a mai da shi akuya ko buhun waken suya.

Asusun wa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma ba a yin ta. Binciken da ƙungiyar EFInA ta fitar na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan 'yan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 47 ne, mata da mutanen karkara su suka fi yawa. Tun Disamban 2023 Babban Banki ya ce ko asusun matakin farko sai da BVN ko lambar NIN. Matar da ba ta da ko ɗaya, ko take da su amma sunan da ke wannan bai dace da na wancan ba, ko ba ta da babbar waya, me za ta yi in mai saye ya ce a turo lamba? Ta miji za ta bayar, ko ta ƙane, ko ta ɗanta, ko ta mai POS na bakin layi.

A al'adar Bahaushe kuɗin sana'ar mace nata ne. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa a shekarun 1960, ta yi mamakin girman cinikin da matan kulle ke yi daga gida zuwa gida ta hannun yara, ba tare da sun taka kasuwa ba. Kuɗin tallar nan hannun uwa suke faɗawa, ta ƙulle a bakin zane ko ta jefa a asusun ƙasa, daga nan ake yin kayan ɗakin 'ya, ake biki, ake fita kunyar dangi. Miji in ya karɓa rance ne, kuma ya san rance ne. Yanzu kuɗin suna sauka a wayar da ke aljihunsa, sun gauraye da nasa. Ba sai ya zama mugu ba. Ya isa a ce alat ya same shi a kasuwa ranar da babu kuɗin cefane. Da yamma ta tambaya, ya ce "ai na yi mana amfani da su", kuma gaskiya ya faɗa, amma jarin turare ya koma miya. Ci gaban da aka ce ya buɗe wa mace kasuwa, a wasu gidajen ya raba ta da 'yancin da kakarta ke da shi.

Wadda ta buɗe nata ma ba ta huta ba. A wasu manhajojin, kamar OPay, lambar asusu ita ce lambar waya in an cire sifilin farko. Wato duk wanda ta ba lambar biya ta ba shi lambar kiranta, ga cikakken sunanta ya fito masa. Ga matar aure wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya isa ya sa maigida ya ce a bar sana'ar. A yankin da ake zargin masu kai wa ɓarayin daji rahoto, ba mai son baƙo ya san sunansa da lambarsa da alamar cewa kuɗi na shigo masa. Ba banza ba matafiya da yawa ke goge saƙonnin banki kafin su hau hanya. Asusun matakin farko kuma yana da rufi, ba ya riƙe fiye da naira 300,000, abin da mai haɗa kayan amare kan yi karo da shi a lokacin bukukuwa bayan kaka.

Sai batun da malamai ke yawan samun tambaya a kai. Manhajojin nan ba tura kuɗi kaɗai suke yi ba. Suna da ɓangaren ajiya mai ba da ƙari kullum, suna kuma tallar rance a fuskar waya, danna ɗaya kuɗi su shigo. Wasu sun shiga ba su san kuɗin ruwa ba ne sai da suka ga asusu yana ƙaruwa da kansa. Mai gudun riba yana da zaɓi, akwai Jaiz tun 2012 da TAJBank tun 2019, sai dai ba su da wakili a kowane lungu yadda masu injinan POS suke da shi. Rancen waya kuwa, mai ribar naira 2,000 ba shi da abin da zai biya ruwansa da shi.

Ranar da kuɗi suka maƙale, an cire wa mai saye ba su shigo wa mai kaya ba, a nan ake gane bambancin mai shago a Kano da mai sana'a a Damari ko Daudawa ko 'Yargoje. Sau da yawa kuɗin kan koma da kansu cikin kwana ɗaya ko biyu, amma kafin nan zumunci ya yi tsami, wannan na cewa na tura, wannan na cewa ban gani ba. In ba su koma ba, ƙa'idar Babban Banki ita ce a fara kai kuka wajen bankin ko kamfanin, a ba shi mako biyu, in bai warware ba a rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Hukumar NDIC ma a 2024 ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankuna, kuma an ga amfaninta da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin shekarar. A takarda kariyar tana nan. Sai dai koken da Turanci ake rubuta shi, ta imel ko ta cikin manhaja, da lambar shaidar ciniki mai tsawo da za a kwafo ba kuskure. In kuwa ta kama sai an je ofis, to Funtua ce ko Katsina, kuɗin mota zuwa da dawowa, yini guda a layi, mace kuma sai da izini da ɗan rakiya. A kan naira 6,000 na hular jarirai, yawancinsu lissafin kuɗin motar suke yi su haƙura.